Ɗakunan Kwanton da Teku ke Cinyewa a Gaɓar Ingila

Wata ranar Asabar cikin watan Mayu ɗan yayata ya tashe ni tun gari bai gama wayewa ba. Shekarunsa 14, yana sakandare a birnin Hull da ke arewa maso gabashin Ingila, inda mahaifiyarsa take aikin jinya, ni kuma karatu ya kai ni.

"Kawu, ka yi mini alkawari fa. Malamar labarin ƙasa ta ce duk wanda ya kawo hoton da ya ɗauka da kansa zai sami ƙarin maki."

Alkawari kaya ne. Na ari motar Yaya, muka cika filas da shayi, muka ɗauki burodi da rigunan sanyi, muka nufi wani ƙaramin ƙauye mai suna Kilnsea, tafiyar kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da Hull. Shi zaizayar ƙasa ya je gani. Ni kuwa na daɗe ina jin labarin wasu ɗakunan kankare da aka gina lokacin yaƙi a wannan gaɓa, ina son in gan su da idona.

Yankin da muka ratsa ana kiransa Holderness. Fili ne shimfiɗaɗɗe, babu dutse babu tudu, sai gonakin alkama da wasu gonaki masu furanni rawaya da ake tatsar man girki daga ’ya’yansu. Muka wuce garin Patrington da doguwar hasumiyar cocinsa, muka wuce Easington inda bututun iskar gas daga ƙasar Norwe yake fitowa daga ƙarƙashin teku. Daga nan hanya ta ƙanƙance, gidaje suka ragu, iska mai warin gishiri ta fara shigowa ta taga.

Abin da ke rubuce a jikin bango

Kafin mu kai bakin ruwa yaron ya ce in tsaya. Akwai wani tsohon gini a Kilnsea mai suna Blue Bell, da can wurin saukar matafiya ne. A jikin bangonsa an liƙa alluna biyu. Na farko ya nuna an gina shi a 1847, kuma tsakaninsa da teku a lokacin yadi 534 ne. Na biyu ya nuna an gyara ginin a 1994, tazarar kuwa ta koma yadi 190.

To, ɗalibai, ku ɗauko biro mu yi lissafin tare. Ku cire 190 daga 534, saura 344. Ku cire 1847 daga 1994, saura shekara 147. In kun raba 344 da 147 za ku sami yadi biyu da ɗan ɗoriya. Wato kowace shekara teku tana gutsure fiye da yadi biyu na ƙasar wannan ƙauye, wajen mita biyu ke nan. Ku riƙe wannan lissafi, don shi zai bayyana muku abin da muka tarar a gaba.

Muka ajiye mota, muka gangara. Teku ta janye, yashi ya fito fili. Abin da na fara gani ya sa na tsaya cak. Manyan ɓaraguzan kankare ne warwatse a kan yashi, wasu sun kai girman ɗaki, wasu sun fi. Wani ya kife, wani ya karkace, rodin da ke ciki ya fito ya yi tsatsa. Akwai wani katafaren da’ira mai kama da bakin rijiya, ya tsage gida-gida, gansakuka ta rufe gindinsa. Wannan shi ne abin da ya rage na sansanin igwa mai suna Godwin, wanda aka gina farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya don tsare bakin kogin Humber, hanyar da jiragen ruwa ke bi su shiga Hull. A kan waɗannan da’irori aka girke manyan igwa biyu masu faɗin baki inci 9.2. A kan tudu aka gina sansanin, da tazara tsakaninsa da ruwa. Babu wanda ya kawo shi bakin teku. Teku ce ta biyo shi har gida.

Tsoron da ya sa aka gina shi ba na banza ba ne. Ranar 16 ga Disamba, 1914, jiragen ruwan yaƙin Jamus sun yi luguden wuta a kan garuruwan Scarborough da Whitby da Hartlepool, duk a wannan gaɓa ta gabas, suka kashe mutum fiye da ɗari, akasarinsu farar hula.

Cikin ɗakin kwanto

Daga baya, a gefen wata gona, muka sami irin ginin da na zo nema, yana tsaye da ƙafarsa. Ɗaki ne gajere na zallar kankare, rufinsa a shimfiɗe, yana da kusurwa shida, an ɗan ja shi ta tsawo. Turawa suna kiran irinsa da sunan da ke nufin akwatin ƙwayar magani, saboda ya yi kama da ’yan ƙananan akwatunan da ake zuba magani a zamanin da. Ni dai ɗakin kwanto zan kira shi, don aikinsa ke nan: soja ya ɓuya a ciki, ya ga maƙiyi, maƙiyi bai gan shi ba.

Sai da muka sunkuya sannan muka shiga. Ciki duhu ne da sanyi da warin danshi, ƙasa duk taɓo. Hasken da ke shigowa ta ’yan tagogi ne kawai, kowace ba ta fi a zura bakin bindiga ba. Na sa hannu na auna kaurin bango, ya fi tsawon tafin hannuna nesa ba kusa ba. An yi irin waɗannan ɗakuna kashi biyu. Masu tare harsashi kaurin bangonsu wajen santimita 30 zuwa 40 ne, masu tare harbin igwa kuwa sukan kai mita guda.

Yaron ya nuna wani gajeren bango da ke tsakiyar ɗakin.

"Kawu, wannan fa? Ɗaki ƙarami haka, me ya sa aka raba shi?"

Na bayyana masa cewa in harsashi ya shigo ta taga, zai bugi kankare ya yi ta tsalle a cikin ɗakin, ya sami wanda ke tsaye a ɗaya gefen ta baya. Bangon tsakiya shi ke tare shi. Haka kuma ba a yin ƙofa ta fuskanci waje kai tsaye, ana gina mata ɗan shinge a gaba, don kada a harbo ko a jefo gurneti ciki da sauƙi. Duk abin da ka gani a ginin, wani ya zauna ya yi tunanin yadda za a kashe mutanen da ke ciki, sannan ya toshe hanyar.

Ya leƙa ta taga ɗaya, ni na leƙa ta wata. Ba abin da ake hange sai ciyawa da ruwa mai launin toka har inda ido ya ƙare. Mutum shida zuwa takwas ake sawa a yawancin ɗakunan nan. Na ce masa ya yi tunanin daren hunturu, ba wuta, ba a yarda ka kunna ko ashana ba, kana tsaye ka zura wa duhu ido kana jiran jiragen da ba ka san ranar zuwansu ba. Da yawa daga sojojin ba su girme shi da fiye da shekara biyar ko shida ba. Ya yi shiru, sannan ya ce mu fita, ƙafarsa ta yi sanyi.

Yadda aka zo gina su

Labarin ya faro ne a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila. A watan Mayu na wannan shekara sojojin Jamus suka mamaye Holan da Beljiyam, suka kutsa Faransa cikin sauri. Sojojin Birtaniya da abokansu suka maƙale a bakin teku a garin Dunkirk. Daga 26 ga Mayu zuwa 4 ga Yuni aka kwashe kimanin soja 338,000 ta ruwa zuwa Ingila. An tsira da rayuka, amma an bar kayan yaƙi a can: motoci sama da 60,000 da igwa sama da 2,000. Kafin ƙarshen Yuni Faransa ta miƙa wuya. Kowa ya san Ingila ce ta gaba.

Ƙasar da ta rasa motoci da tankoki ba ta iya kai sojoji da sauri duk inda maƙiyi ya sauka. Saboda haka Janar Edmund Ironside, wanda aka ɗora wa alhakin tsaron cikin gida, ya koma ga abin da ake da shi: siminti, yashi, tsakuwa da hannun ma’aikata. Shirinsa hawa-hawa ne. A bakin teku a girke ɗakunan kwanto, a ja waya mai ƙaya, a binne nakiyoyi, a jera manyan tubalan kankare da za su hana tanka wucewa. A cikin ƙasa kuma a ja layukan tsaro da ke bin koguna da magudanan ruwa da hanyoyin jirgin ƙasa, don in maƙiyi ya ɓalle daga gaɓa ya yi ta cin karo da shinge bayan shinge. Ofishin yaƙi ya fitar da zane-zanen gini masu lamba, irin su lamba 22 da lamba 24, aka rarraba wa ’yan kwangila a ko’ina. Wasu yankuna sun yi nasu fasalin, kamar mai tsawon nan da muka shiga, wanda aka fi samu a arewa maso gabas.

An gina kimanin 28,000 a faɗin Birtaniya, yawancinsu cikin 1940 da 1941. Wasu an yi musu ɓad-da-kama, aka mai da su kamar tarin ciyawar dabbobi, ko rumfar jiran mota, ko ƙaramin kanti, don kada matuƙin jirgin sama ya gane su. Bayan sojoji, an kafa rundunar ’yan sa-kai ta tsofaffi da samari da ma’aikatan da ba a ɗauka soja ba, su ma suna gadi.

Ranar 16 ga Yuli, 1940, Hitila ya ba da umarnin a shirya mamaye Ingila, aka sa wa shirin suna Zakin Teku. Sai dai kafin a tsallako da sojoji dole a mallaki sararin sama, kuma mayaƙan saman Jamus sun kasa murƙushe na Birtaniya. Ranar 17 ga Satumba aka ɗage shirin. A watan Yuni na 1941 Hitila ya juya ya far wa Tarayyar Sobiyet. Mamayar da aka gina ɗakunan dominta ba ta taɓa zuwa ba.

Kada ku ɗauka mutanen yankin sun sha da daɗi. Yaƙin bai zo ta ruwa ba, ya zo ta sama. Hull na cikin biranen da suka fi shan bama-bamai a Birtaniya. Kimanin mutum 1,200 suka mutu a can, kuma gidaje ƙalilan ne suka tsira ba tare da lahani ba.

Muna shan shayi a gindin ɗakin yaron ya yi mini tambayar da na san zai yi.

"Ke nan asara aka yi, Kawu? Duk wannan siminti, ba a harba ko harsashi ɗaya ba."

Na ce masa tun a lokacin ma akwai manyan soja da suka yi shakka. Janar Alan Brooke, wanda ya gaji Ironside a watan Yuli na 1940, ya fi son rundunar da za ta iya motsawa da sauri a kan sojan da aka kulle a ɗaki, kuma zuwa 1942 an daina gina sababbi. Amma wanda ya ɗaure ƙofarsa da dare, in gari ya waye ɓarawo bai zo ba, ba ya cewa ya yi asarar sakata. Mu yanzu mun san ƙarshen labarin. Waɗanda suka kwaɓa simintin a 1940 ba su sani ba. Bai gamsu sosai ba, ni ma ban matsa masa ba.

Sai na tuna masa cewa yaƙin nan namu ne mu ma. Dubban samari daga Nijeriya, da yawansu masu jin Hausa, sun shiga runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yi yaƙi da sojojin Japan a dazuzzukan Bama a 1944 da 1945. Barikin Dalet a Kaduna da barikin Chindit a Zariya daga wannan yaƙi suka sami sunayensu. Ya ce shi bai taɓa jin haka a makaranta ba.

Maƙiyin da ya zo

Yanzu kuma bari in ba ku darasin da shi ya koya mini, don a nan ya fi ni sani. Ƙasar Holderness ba dutse ba ce. Yumɓu ne haɗe da tsakuwa, wanda manyan tsaunukan ƙanƙara suka turo suka bari a zamanin ƙanƙara na ƙarshe, dubban shekaru da suka wuce. In ruwan sama ya jiƙa shi sai ya yi laushi ya zame. Raƙuman ruwa kuma suna dukan gindin gaɓar har sama ta rufto. Tun daga Flamborough a arewa har zuwa Spurn a kudu, tsawon kimanin kilomita 60, gaɓar tana cikin waɗanda suka fi saurin zaizayewa a duk Turai. An ƙiyasta cewa tun zamanin Rumawa ƙauyuka wajen 29 suka nutse. Akwai wani garin tashar jiragen ruwa mai suna Ravenser Odd, wanda har wakilai yake turawa majalisar Ingila, teku ta shafe shi a ƙarni na 14. Tsohon cocin Kilnsea ma ya faɗa ruwa wajen 1826.

Ana iya tare teku, in ji shi, amma wani ne zai biya. A 1991 aka jera manyan duwatsu da aka kawo daga Norwe don kare ƙauyen Mappleton da hanyar da ta bi ta cikinsa. Ƙauyen ya tsira. Sai dai igiyar ruwa a wannan gaɓa daga arewa take kwaso yashi tana kai shi kudu, yashin nan kuwa shi ne garkuwar gaɓa. Da duwatsun suka tare shi, gonakin da ke kudu da ƙauyen suka rasa garkuwarsu, zaizaya ta ƙaru a can. Shi ya sa hukuma ke kare manyan garuruwa da tashar gas, ta bar gonaki da gidajen da ke warwatse. Akwai iyalan da ke auna tazarar bayan gidansu da teku duk shekara, suna lissafin lokacin da ya rage musu.

Ɗakunan kwanton sun zama ma’auni. Kankare ba ya narkewa kamar yumɓu. In ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta tafi, sai ya sulmiyo ya zauna a kan yashi kusa da inda aka gina shi. Duk inda ka ga ɗaki can cikin ruwa, to nan ne bakin ƙasa yake a da.

Mun koma yashi don ya ɗauki hotunansa. Garin neman wurin da hoto zai fi kyau muka zagaya bayan ɓaraguzan, muka manta da lokaci. Wata dattijuwa mai yawo da karenta ce ta ɗaga mana hannu tana nuna bayanmu. Da muka waiga, ashe ruwa ya fara cika wani kwari da ke tsakaninmu da tudu. Teku takan cika ta janye sau biyu a rana, kuma ba lallai ta zo maka ta gaba ba, takan zagayo ta baya. Muka tsallaka ruwa na kai mana idon sawu, sanyinsa kamar ana soka allura. Dattijuwar ta ja mana kunne cewa nan gaba mu duba jadawalin cikar teku kafin mu sauka, kada mu tsaya a gindin gaɓa, kuma in mun ga wani tsohon ƙarfe a yashi kada mu taɓa, don akwai wuraren da tsofaffin bama-baman atisaye ke faɗowa daga cikin yumɓun. Na yi mata godiya cike da kunya, tunda ni ne babba.

Baƙi daga gida

Da la’asar muka taka zuwa farkon Spurn, wani siririn harshen yashi mai tsawon wajen kilomita biyar da ya miƙe cikin bakin Humber. Daga yashin da teku ke kwasowa a arewa ya samu. A da sojoji sun shimfiɗa layin dogo a kansa, har wasu kan ɗaura wa ƙaramin tarago filafilan jirgin ruwa iska ta tura su. A watan Disamba na 2013 wata babbar ambaliya ta yanke hanyar mota, yanzu sai dai a taka da ƙafa in ruwa ya janye. Ba mu shiga ciki ba, darasin ɗazu ya ishe mu.

A nan muka tarar da mutane riƙe da tabarau mai hangen nesa suna kallon sama. Spurn sanannen wuri ne na ƙidayar tsuntsaye masu ƙaura. Cikin waɗanda ke shawagi akwai wata ’yar ƙaramar tsattsewa mai launin ƙasa-ƙasa, wadda ke haƙa rami a jikin gaɓa ta yi sheƙa. In sanyi ya ƙarato sai ta ƙetare Turai da hamadar Sahara, ta yi watanni a yankin Sahel na Afirka ta Yamma. A 1969 masu lura da tsuntsaye a Birtaniya sun ga irin waɗannan baƙi sun ragu ƙwarai, daga baya aka gano farin da aka yi a Sahel ne sanadi. Na ce wa yaron mai yiwuwa wasu cikinsu sun fi shi sanin hanyar gida. Ya yi dariya, ya ce aƙalla su ba sa neman biza.

Daga cikin ɗakuna 28,000, waɗanda suka rage ba su wuce kimanin 6,500 ba. Wasu an rushe su bayan yaƙi, wasu manoma na ajiye kaya a ciki, wasu an gyara su jemagu na kwana, wasu kuma teku ta ɗauka. Dalilin da ya sa aka san inda suke shi ne, daga 1995 zuwa 2002 ɗaruruwan ’yan sa-kai sun bi ƙasar lungu-lungu suna aunawa, suna ɗaukar hoto, suna rubutawa, har suka tattara bayanin wuraren tsaro kusan 20,000. Yawancinsu ba masana ba ne, mutane ne masu littafi da biro da haƙuri. Wannan aiki ɗalibin sakandare ma zai iya yin irinsa da abin da ke kusa da shi, ko guntun ganuwa ne, ko tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ko labarin wani kaka da ya je Bama wanda har yanzu akwai masu tuna shi a gida. A rubuta kwanan wata, a auna, a tambayi manya tun suna nan.

A hanyar komawa yaron ya yi ta duba hotunansa. Wanda ya zaɓa ya kai makaranta shi ne na allunan Blue Bell, da wani na ɓaraguzan sansanin ruwa ya kewaye su. A ƙarƙashi ya rubuta ranar da ya ɗauka da ƙarfe nawa ne. Ya ce in ya gama jami’a zai dawo ya tsaya a wuri ɗaya ya sake ɗauka.

"In wurin tsayawar yana nan," na ce.

"Shi ya sa na ƙirga taku daga bakin hanya, Kawu. Na rubuta a bayan littafi."